Kundin Digiri na Farko a Fannonin Fasaha: Inda Ƙarfinsa Yake da Inda Ya Raunana

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani nau'in rubutu wanda kusan kowannenmu a wannan taro ya taɓa yi, ya kuma duba na wasu, amma ba kasafai muke ɗaga shi mu yi masa kallon tsanaki irin wanda muke yi wa waƙa ko ƙagaggen labari ba. Wannan rubutu kuwa shi ne kundin da ɗalibi ke gabatarwa a shekararsa ta ƙarshe kafin a ba shi digiri na farko. Za a taƙaita magana a kan fannonin fasaha, watau harsuna da adabi da tarihi da Larabci da nazarin addinin Musulunci da wasan kwaikwayo, kamar yadda ake koyar da su a jami'o'in Arewacin Nijeriya.

Abin da nake son tabbatarwa guda ɗaya ne. Darajar wannan kundi tana cikin abin da ɗalibi ya tattaro da ƙafarsa da kunnensa daga wurin da ya sani. Amma zubin da muke ɗora ɗalibai a kai, da yadda muke raba maki, sun janye su daga wannan aiki, sun tura su ga wani wanda ƙarfinsu bai kai ba. In wannan magana ta tabbata, to, gyara yana hannun malamai kafin ya zo hannun ɗalibai.

2.0 Asalin Kundi da Abin da Aka Nufa da Shi

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zauna a ƙarƙashinta har tsakiyar shekarun 1970, sa'an nan ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Jami'ar Sakkwato kuwa, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo, a 1975 aka kafa ta. Malaman da suka fara koyarwa a waɗannan wurare sun tarar da abu biyu: ƙasa cike da tarihi da adabi da rubuce-rubucen malamai, da kuma ɗakunan karatu waɗanda bugaggun littattafai a kan wannan ƙasa ba su cika kanta biyu ba. Don cike wannan giɓi ne aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, Farfesa Abdullahi Smith kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970.

A cikin wannan hali kundin ɗalibi ya ɗauki aiki biyu. Na farko, horar da mai shi ga bincike. Na biyu, kawo wa jami'a abin da ba ta da shi. Ɗalibi yakan koma garinsu a lokacin dogon hutu, ya zauna da dattawa ko makaɗa ko masu sana'a, ya dawo da tarihin kafuwar gari, ko waƙoƙin wani mawaƙi, ko rayuwar wani malami da jerin littattafansa. Malami yana koya masa hanya, shi kuma yana kawo wa malami labari. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Wanda ya duba jerin madogara na littafin Graham Furniss a kan adabin Hausa, wanda aka buga a 1996, zai tarar da kundayen ɗaliban waɗannan jami'o'i a ciki, abin da ke nuna cewa manyan manazarta ma sun sha ruwa a wannan rijiya.

3.0 Inda Ƙarfin Kundi Yake

Ya kamata mu tambayi kanmu, me ɗalibin shekarar ƙarshe yake da shi wanda farfesa ba shi da shi? Karatu dai bai kai malaminsa ba, kuɗi da lokaci kuma ba shi da su. Abin da yake da shi shi ne gida. Yana jin karin harshen garinsu har zuwa ga zaurance da habaici. An san mahaifinsa da kakansa, saboda haka tsohon da zai ɓoye wa baƙo magana shi zai faɗa masa. Ɗaliba kuwa tana shiga har ƙuryar ɗaki inda namiji ba ya wuce zaure, ta ji waƙoƙin niƙa da daɓe da reno da gaɗa, ta ga yadda ake wankan jego da kamun amarya da sayen baki, ta tambayi goggonta dalilin kowane abu ba tare da an yi mata kallon ɗan leƙen asiri ba.

Kada a raina irin wannan shaida don ta fito daga bakin mutum ɗaya. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau, ta rubuta labarin rayuwarta kamar yadda ta faɗa. Littafin ya fito a 1954, kuma har yau duk mai nazarin rayuwar matan Hausawa, ko bauta a rinji, ko aure da saki da ƙawance a farkon zuwan Turawa, sai ya koma gare shi. Abin da ya ba shi wannan daraja shi ne haƙurin saurare da amanar rubutawa. Wannan kuwa aiki ne da ɗaliba mai shekara ashirin da 'yan kai za ta iya yi da kakarta, har ma ta fi baƙuwa samun sauƙi.

Daɗin daɗawa, wannan shaida tana da wa'adi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Hajiya Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waɗannan sun yi sa'a, gidajen rediyo da masu kaset sun adana muryoyinsu. To, makaɗin noma na ƙauye fa, da makaɗin maƙera, da mai kirarin farauta, da malamin zaure wanda ya bar waƙoƙin ajami a cikin gafaka? Irin waɗannan, in ɗalibin garinsu bai je ba, ba mai zuwa. Tun daga wajen 2011 kuma hare-haren ɓarayin daji sun tayar da ƙauyuka da dama a Zamfara, daga baya abin ya bazu zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Garin da ya watse, tarihinsa na baka ya watse tare da shi, sai abin da ya rage a kan tsofaffin da suka yi gudun hijira zuwa birane. Wannan ya ƙara wa aikin wuya, ya kuma ƙara masa gaggawa.

4.0 Inda Kundi Ya Raunana

4.1 Zubin babi biyar

Zubin da ya zama ruwan dare shi ne na babi biyar. Babi na ɗaya gabatarwa ce, da manufar bincike da dalilinsa da farfajiyarsa da muhimmancinsa. Babi na biyu bitar ayyukan da suka gabata. Na uku sau da yawa ma'anonin kalmomi ne da tarihin Hausawa. Sai a babi na huɗu ake isowa ga abin da kan magana ya yi alkawari, na biyar kuma ya maimaita na ɗaya. Watau ɗalibi ya ƙare ƙarfinsa wajen share fage, da aka zo dambe hannu ya mutu.

Mu duba babin bita, mu ga yadda yakan kasance. Ana jero sunayen marubuta ɗaya bayan ɗaya, a ce wane ya yi aiki a kan kaza, aikinsa yana da alaƙa da wannan domin duka a kan waƙa suke, sun bambanta domin shi a kan wane ya yi, wannan kuwa a kan wane. Haka za a yi ta tafiya har shafi ashirin, ba a ce ga abin da wancan ya gano ba, balle a ce an yarda da shi ko an saɓa masa. Haka nan babin ma'anoni: a kawo ma'anar adabi ko al'ada daga bakin masana shida, a rufe da cewa duk sun yi daidai. Ɗalibin da zai yi magana a kan waƙoƙin sussuka na ƙauyensu kuma sai ya fara daga Bayajida da rijiyar Kusugu. Duk waɗannan babi-babi daga tsofaffin kundaye ake kwaso su, har da kurakuran keken rubutun da ke cikinsu.

4.2 Hanyar nazari da ta zama ƙangi

A fannin waƙa muna da hanyoyin nazari na gida waɗanda abin alfahari ne. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa gadon feɗe waƙa don rubutacciyar waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Sun ba ɗalibi matakai da kalmomin fannu cikin harshensa, ya san inda zai fara da inda zai tsaya. Amma wuƙar fawa daban, iya fawa daban. A hannun ɗalibai da yawa matakan sun koma kamar takardar cikewa: ga jigo, ga warwararsa, ga zubi da tsari, ga kamantawa ɗaya, ga siffantawa ɗaya, ga mutuntarwa, ga aron kalmomin Larabci. In an gama, waƙar wa'azi ta ƙarni na 19 da waƙar siyasa ta zamanin NEPU da NPC da waƙar fim ta bana duk sun fito da kama ɗaya. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, watau me ya raba wannan waƙa da sauran, me ya sa masu saurare suka riƙe ta, ba ta cikin jerin, saboda haka ba a yi ta.

Haka al'amarin yake game da ra'i. An wajabta wa ɗalibi ya ambaci ra'in da ya ɗora aikinsa a kai, sai ya ɗauko sunan wata mazhaba da sunan Baturen da ya ƙirƙiro ta, ya ajiye a babi na ɗaya, ba ya sake waiwayar ta har ƙarshen aiki. Wani kuma ya aro takardar tambayoyi daga fannonin zaman jama'a, ya raba wa abokan ajinsa, ya dawo yana cewa kashi kaza bisa ɗari sun yarda tatsuniya tana koyar da tarbiyya. Da ya zauna da tsohuwa ɗaya ya ɗauki tatsuniyoyi goma da muryarta, da ya fi amfanar da mu.

4.3 Sakaci da shaida

Wannan shi ne raunin da ya fi ciwo, domin a kan ƙarfin kundin ya faɗa. Abin da ɗalibi ya tattaro akan tura shi rataye a ƙarshen aiki, in ma an sa shi, kuma mai jarrabawa ba kasafai yake kaiwa can ba. A nan za a ga an ce an yi hira da wani dattijo, ba ranar hira, ba wuri, ba shekarunsa, ba kuma yadda aka yi ya san abin da ya faɗa, ko gani ya yi ko ji. A fannin tarihi ɗalibi yakan je fada ya karɓo jerin sarakuna daga bakin bafade ɗaya ya rubuta, bai nemi gidan da sarauta ta kuɓuce wa ya ji nasu ba, alhali kowa ya san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A fannin harshe da adabi kuma akwai gyaran gangar auzinawa. Mawaƙi Basakkwace ya ce tahi, ko hwari, ko wanga, ɗalibi ya mayar da su tafi da fari da wannan, yana ganin ya yi daidaita. Da wannan ya ɓata shaidar karin harshe, wani lokaci ma ya karya karin waƙar, tun da adadin gaɓoɓi ya sauya. Wanda ya juya waƙar ajami zuwa boko shi ma yakan kawo juyin kawai, ba hoton asalin takardar, ba sunan mai ita, ba sunan wanda ya kwafa, ba bayanin inda tawada ta goge ya yi cike da ka. R. S. Rattray, a littafinsa na 1913 wanda ya haɗa a ƙasar Gana ta yau, ya buga rubutun ajamin Malam Sha'ihu kamar yadda yake tare da juyinsa, don mai karatu ya gwada da kansa. Abin da aka iya yi fiye da shekara ɗari da suka wuce, bai kamata ya gagari ɗalibin da ke da waya mai ɗaukar hoto da murya a aljihunsa ba.

4.4 Katanga tsakanin sassa

Jami'a ta raba ilmi sashe-sashe don sauƙin gudanarwa, amma abin da muke nazari bai san wannan rabo ba. Alal misali, mu ɗauki waƙar Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi. Ɗalibin Hausa zai feɗe salonta bai ga asalin Fulatancin ba. Ɗalibin nazarin Musulunci zai fitar da ayoyi da hadisan da ta dogara a kansu bai kula da cewa waƙa ce mai kari da amsa-amo ba. Ɗalibin tarihi zai so sanin halin da Daular Sakkwato ke ciki har aka ga bukatar gargaɗin masu mulki da Hausa, amma ba zai karanta kundin waɗancan biyu ba, ko da ofisoshin malamansu suna kallon juna. Kowa ya kama ƙafa ɗaya ya ce ya ga giwa. Haka abin yake ga marina, ko kasuwa, ko wasan tashe, ko makarantar allo: kowannensu yana da harshe da tarihi da hukunci da wasa a cikinsa, ɗalibai huɗu na sassa huɗu kuma suna iya zuwa wuri ɗaya a shekara ɗaya ba wanda ya san da zuwan wani.

4.5 Kwafe

Kowa a nan ya san akwai shagunan kwamfuta da ke sayar da tsohon kundi a sauya masa suna da gari. Tun daga ƙarshen 2022 kuma, da fitowar ChatGPT da ire-irensa, ɗalibi yana iya samun babin gabatarwa da na bita cikin 'yan mintoci. Muna kuka da wannan, kuma kukan yana kan hanya. Sai dai mu lura da abu ɗaya: abin da ya fi sauƙin kwafewa shi ne abin da muka fi ba maki. Ma'anar adabi da asalin Hausawa da sharhin Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce, waɗanda aka yi wa kundi ba adadi, duk suna nan a shirye. Muryar wani maƙeri kuwa, da sunansa da unguwarsa da ranar da aka ɗauke ta, ba ta a shago, ba ta a intanet, kuma malami yana iya bincikawa ya tabbatar.

5.0 Makomar Kundi Bayan an Ba da Maki

Laifinmu bai tsaya ga dubawa ba. Kundi in an ɗaure shi an sa hannu, a sassa da yawa sai a jibge shi a wani ɗaki inda gara da ɗigon damina ke jira. Kaset ɗin da ɗaliban shekarun 1970 da 1980 suka ɗauka, nawa ne aka karɓa aka adana? Ba jeri ɗaya da ya haɗa kundayen jami'o'inmu wanda malami zai duba kafin ya amince da kan magana, shi ya sa ake ta maimaita mawaƙi ɗaya, ɗari kuma ba wanda ya taɓa su.

Akwai kuma maganar haƙƙi. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda ya fito tsakanin 1911 da 1913, da sunan Frank Edgar aka san shi, alhali malamai ne suka rubuta mafi yawan abin da ke ciki da ajami. Mukan ambaci wannan a aji muna nuna rashin adalcin zamanin mulkin mallaka. To, malamin da ya ɗebi waƙoƙi ko hirarraki daga ratayen ɗalibinsa ya gina maƙala bai ambace shi ba, da me ya bambanta? Tuwon girma miyarsa nama. Ɗalibin da ya ga sunansa a madogarar malaminsa ya koyi darajar shaida fiye da abin da lacca goma za ta koya masa.

6.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ina ba da waɗannan shawarwari:

1. A mayar da abin da aka tattaro ya zama zuciyar kundi, a ba shi kaso mafi tsoka na maki. Kundin da ya kawo waƙoƙi ashirin da ba a taɓa rubutawa ba, cikin amana, da gajeren sharhi mai ma'ana, a ɗauke shi cikakken aiki.

2. A saki ƙangin babi biyar. Kan magana shi zai nuna zubin da ya dace da shi. A taƙaita bita ga ayyukan da ɗalibi ya karanta da gaske, ya kuma faɗi abin da ya ƙaru da shi ko ya saɓa.

3. Kafin ɗalibi ya fita, a koya masa aikin fili a aikace: neman izinin mai magana, rubuta rana da wuri, juya magana yadda aka faɗe ta ba gyara, ɗaukar hoton takardar ajami, da jin ɓangare fiye da ɗaya.

4. A karɓi muryoyi da hotuna tare da kundi, a adana su a wuri biyu aƙalla, a kuma juya tsofaffin kaset da suka rage zuwa kwamfuta tun ba su mutu ba.

5. Sassan fannonin fasaha su riƙa zaɓen gari ɗaya ko sana'a ɗaya a shekara, ɗalibansu su tafi tare, kowa ya rubuta nasa, su gabatar a zama ɗaya. Inda hanya ba ta da aminci kada a tura kowa. A nemi mutanen wurin a inda suka yi hijira.

6. Jami'o'i su haɗa jeri ɗaya na kundaye, kuma kowane sashe ya riƙa buga mafi kyawun biyu ko uku a mujallarsa da sunan masu su.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa kundin digiri na farko ya samo darajarsa daga kusancin ɗalibi da mutanensa, kuma zubin babi biyar, da ra'in da ba a aiki da shi, da sakaci da shaida, da rabuwar sassa, su ne suka rage wannan daraja. Ba a neman ɗalibin shekarar ƙarshe ya kafa mazhaba. Ana neman ya je, ya saurara, ya rubuta gaskiya, ya faɗi abin da ya fahimta gwargwadon ƙarfinsa. Kowace shekara jami'o'inmu suna yaye ɗalibai masu yawa a waɗannan fannoni, daga kusan kowace ƙaramar hukuma ta Arewa. In kowannensu ya dawo da muryar tsoho ɗaya, ba cibiyar bincike da za ta iya tara abin da za su tara. Tsofaffin kuwa ba za su jira mu gama gyara manhaja ba. Allah ya sa mu dace.